Ƙafar Jirgin da na Kai wa Yaya Idi Jidda

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da wani dattijo maƙwabcina mai niyyar umra. Shi kayansa ba su wuce harami da maganin gwiwa ba. Ni kuwa a ƙasan jakata akwai ƙafar jirgin ƙasa, naɗe cikin tsohon bargo.

Kada ku ce gigin tsufa ya kama ni. Ƙafa ce ta baƙin ƙarfe, faɗinta bai fi na farantin tuwo ba, amma in ta faɗo maka a yatsa sai ka yi sallama da shi. Ta wani ƙaramin kan jirgi ce, irin wanda masu hali ke ajiyewa a lambu. Ana ƙera shi daidai da kan jirgin tururi na da, komai da komai, sai dai a ƙanƙanta shi har tsawonsa ya zo kamar na gadon mutum ɗaya. A zuba masa ruwa, a hura masa kwal, ya yi usur, ya ja manyan mutane zaune a kan taragai. Na fara ganin irinsa a Ingila, zamanin da nake kai citta da zoɓo. Na ga tsofaffin Turawa da hular direba sun ɗare abin wasa suna ta murna, na yi dariya har da riƙe ciki. Ban san abincin ɗan'uwana a kan irin wannan wasan yake ba.

Ɗan'uwan shi ne Yaya Idi, ɗan wan mahaifina. Baffa ya tafi hajji a ƙafa ta Sudan, bai dawo ba. A Jidda aka haifi Yaya Idi, a can ya yi furfura, amma har gobe da iƙama yake zaune, wato takardar zama da ba ta sabuntuwa sai da yardar kafili, ubangidan da ya tsaya maka. Kafilinsa wani tsohon ɗan kasuwa ne, zan kira shi Shehi kawai, kuma shi ne mai jirgin. Masana'antar da ta ƙera jirgin a Turai ta daɗe da rufewa, saboda haka duk abin da ya ci ko ya karye, Yaya Idi ke zama ya ƙera madadinsa da hannu. Bara ƙafa ɗaya ta tsage, jirgi ya tsaya, Shehi kuma ya kwanta ciwo. 'Ya'yansa ba ruwansu da hayaƙin kwal. Yaya Idi ya gaya mini a waya cewa tsohon ya ce in ya ga jirgin ya sake tafiya da idonsa, zai tara 'ya'yan a bakin dogo ya sa su yi alkawarin barin jirgin da mai kula da shi. In babu wannan alkawari, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya zai tattara ya koma ƙasar da bai taɓa kwana a cikinta ba.

Ta hannun wani mai dawowa daga umra Yaya Idi ya aiko mini abu biyu: tsagaggiyar ƙafar, da wata irinta ta katako da ya sassaƙa. Ya ce a zuba masa sabuwa. Na kai wa wani mai zubin ƙarfe a Kaduna, mutumin kirki, wanda ke zuba tukwane da fayafayan injin niƙa. Ya jera su a ƙasa ya duba, ya ga ta katakon ta ɗan ɗara ta ƙarfen kauri da faɗi. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, dattijon nan idonsa ya fara rauni. Ga ta gaske a hannu, me za mu yi da ta katako?" Ya liƙe tsagar, ya danna tsohuwar ƙafar a akwatin yashi kamar yadda yake danna tsohuwar tukunya in zai fitar da sabuwa, ya zuba. Da ya ji ƙasa mai tsarki za ta, sai ya sa magagari ya yi ta gurza ta har ta yi santsi tana ɗaukar ido, ya ce wannan nasa ladan ne. Na yaba masa ƙwarai.

Hanyar Kano ba ta ba mu wahala ba. A filin jirgi ne ma'aikaciyar bincike ta zaro ƙafar, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Baba, murfin me ne wannan?" Na ce ƙafar jirgin ƙasa ce. Ta dube ni, ta dubi abokin tafiyata, shi kuma ya yi maza ya ce shi dai umra za shi. Aka ce sai dai ta bi kayan ƙasan jirgi, na amince.

Mun sauka Jidda da la'asar. Na san zafin Khartoum mai busar da leɓe, na san na Bombay mai jiƙa riga. Na Jidda ɗan'uwan na Bombay ne, sai dai da gishiri a bakinsa. Filin jirginsu sabo fil, sanyi kamar cikin randa, amma kana fitowa iskar teku za ta lulluɓe ka kamar jiƙaƙƙen bargo. Abokin tafiyata ya bi motar Makka, ni kuma Yaya Idi ya tare ni. Ya rame. Tabarau biyu ke rataye a wuyansa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, tsofaffin kalmomi da mu muka yar, a tsakiyar zance kuma sai ya zarce da Larabci bai ma sani ba. Ya rungume ni, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ɗan baffa, ka zo da ita?" Na buga jaka. Ya ce, "Halas. Yalla, mu je."

Titunan Jidda faffaɗa ne, gada kan gada, kowa na gudu kamar an biyo shi. Na roƙi direba ya bi da mu ta unguwar Sa'alaba, domin a can na san gidan Yaya Idi a zuwana na baya: tsakar gida da bishiyar darbejiya, da ɗan murhun narka ƙarfe a bayan ɗaki, da maƙwabta masu sayar da tsire, wanda Larabawan nan suka koya daga mutanenmu. Muka iso ban gane wurin ba. Inda layinsu yake yanzu fili ne fetal, sai ɓaraguzai da kyanwoyi. Na ga unguwannin da aka tasa a Kasablanka, na ga na Legas, amma ban taɓa tsayawa a kan wadda na sha shayi a cikinta ba. Yaya Idi bai ko leƙa ta taga ba. Ya ce da murhunsa na nan, da ba sai an wahalar da ni ba. Manyan masana'antu ba sa kunna wuta don ƙafa ɗaya, a ɗakin haya kuma ko turaren wuta ka cika sai mai gida ya buga ƙofa.

Yanzu a Ammariyya yake, kusa da tsohon gari, a hawa na uku na wani gini da ya gaji. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu na aure a Makka da Madina. Kuɗin hayar ɗaki biyun nan, in ka juya shi zuwa naira, zai kama maka gida sukutum a Tudun Wada har da rijiya. Abinci ne dai da sauƙi. Da safe ya sauka ya sayo ful, wato dafaffen wake da man zaitun, da tamis, gurasar nan mai faɗi da 'yan Afganistan ke gasawa, guda ɗaya ta ishi mutum biyu. Ful ɗin Sudan ya fi shi mai, na Masar ya fi shi tafarnuwa, amma wannan ya fi su zama a ciki. A matakala na gaida wasu samari baƙaƙe da Hausa. Suka yi murmushi, sun ji sarai, suka amsa da Larabci.

Jirgin yana wata istiraha ta Shehi a arewacin gari, wato gidan hutu mai katanga da lambu. Siririn dogo ya zagaye itatuwan dabino, ya haye 'yar gada, ya ratsa wani ɗan kogo na siminti. A rumfar baya na gan shi, kore da baƙi, tagullarsa na walƙiya, an ɗora shi a kan katakai, gurbin ƙafa ɗaya wayam kamar giɓi a bakin kyakkyawa. Kusa da shi ga injin feƙe ƙarfe da suke kira makharaɗa, ga teburi cike da ƙananan abubuwan da Yaya Idi ya ƙera cikin shekaru: famfo kamar ƙwayar gyaɗa, kusoshi kamar tsabar shinkafa, fitila da ba ta kai ƙwai ba amma tana kamawa. Ya ce kowane ɗaya sai ya duba hoton babban jirgin na asali, ya raba awonsa gida takwas, sannan ya taɓa ƙarfe.

Na warware bargo da alfahari. Ya ɗauki ƙafar, ya shafa ta, ya ce, "Masha Allah, wa ya goge ta haka?" Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya ɗora tabarau ɗaya kan ɗaya, ya sa ma'auni, ya cire, ya sake sawa. Sai ya nemi kujera ya zauna.

"Da wacce aka yi zubin?"

Na gaya masa yadda aka yi, har da maganar idonsa.

Ya ajiye ma'aunin. Sannan ya ce, "Ƙarfe in ya huce janyewa yake yi, ɗan baffa. Shi ya sa na yi ta katakon da ƙiba. Akwai rabon wuta, akwai rabon makharaɗa. Wuta ta ci nata, mutuminka ya cinye nawa da magagari." Ya nuna mini sandar da ke haɗa ƙafafu uku na kowane gefe. Dole su zama kai ɗaya. In ɗaya ta gaza ko da kaurin farce, sauran za su ja ta tana tirjewa har sandar ta lanƙwashe. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Ba laifinsa ba ne. A tukunya wa zai gane? Jikar tukunya ta fi kakarta ƙanƙanta, ba wanda ya taɓa kai ƙara wurin alƙali. So ya yi ya kyautata mini. Da ma ya bar ta da dattinta."

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne an riga an gaya wa Shehi ƙafa ta iso, kuma a Juma'ar nan za a kawo shi. Aka kuwa kawo shi bayan la'asar, a keken marasa lafiya, da robar iska a hanci, 'ya'yansa maza uku na biye. Tsoho ne ɗan firit, idanunsa kaɗai suka rage da rai. Ya sa aka tura shi har bakin dogo, ya dubi jirgin a kan katakai, ya dubi Yaya Idi. Ya ce, "Ya Idris, ina hayaƙin?" Yaya Idi ya sunkuya ya sumbaci kansa, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Juma'a mai zuwa, ya ammi, in Allah ya yarda." Bai ambaci Kaduna ba, bai ambace ni ba. Shehi ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai da jirginka duk kun tsufa. Ni kaɗai ne yaro a nan." 'Ya'yan suka yi dariyar ladabi, babban yana duban waya. Ba a yi maganar alkawari ba. Aka juya keken.

Dabarar da ta rage ita ce a yi wa ƙafar zobe, kamar yadda ake yi wa manyan jirage. Muka shiga unguwar masana'antu neman guntun bututun ƙarfe mai kauri. A can na yi amfani da ɗan Urdun da na tsinta a Bombay, domin masu shagunan kusan duk mutanen Indiya da Pakistan ne, kuma mai shago ya rage mana wani abu saboda na tambayi lafiyar garinsu. Aikin kuwa na haƙuri ne. A feƙe bakin ƙafar, a yanko zobe, a rarake cikinsa har ya gaza ƙafar da ɗan kaɗan. Sai a gasa shi ya buɗe, a saka ƙafar, in ya huce ya damƙe ta damƙar da sai dai a yanka. Ni ke riƙe masa fitila, domin ko da rana ba ya ganin layin ma'auni sosai. A zoben farko ido ya yaudare shi, injin ya zarce, zobe ya fito yana lilo a jikin ƙafar. Ya ajiye shi a hankali, ya yi alwala, ya yi azahar, ya ce gobe ma rana ce.

Ya matsa mini in je in yi umrata kada in koma da kunya. Na hau jirgin nan nasu na lantarki mai gudu. Na hau irinsa a Faransa da Maroko, na kuma hau na Sudan wanda in ka sauka sai an kaɗe ka kamar tabarma. Wannan ba ƙara, ba girgiza, kafin shayi ya huce ka isa. Ba wanda ya ɗaga kai daga wayarsa. Na tuna tashar Zariya da awaki ke kiwo a tsakanin dogo, na tuna dattijon da na baro yana lallashin zobe, na rasa wanne ya fi ban tausayi. A Harami na haɗu da abokin tafiyata, gwiwa ta kumbura amma fuska fes. Ya ce, "Yaya murfin naka?" Na ce a sa mu a addu'a.

Na dawo na tarar zobe na biyu ya fito daidai. Muka gasa shi a kan murhun gas har launinsa ya juya, ya ɗauko shi da awartaki, ya saki ƙafar a ciki, ta zauna da wata 'yar ƙara. Muka zuba ido har ya huce. Ya ƙwanƙwasa da guduma, ta amsa da murya ɗaya kamar ƙararrawa. Ranar ce kaɗai na ga haƙoransa. A ranar ce kuma direban gidan ya zo da labarin an kwantar da Shehi a asibiti, numfashi ya ƙi, ba ya gane masu shiga.

Duk da haka da Juma'a ta zagayo Yaya Idi ya ce alkawari alkawari ne. Ya cika tukunyar jirgin da ruwa, ya fara wuta da gawayi, ya bi da kwal da wani ɗan cokali mai dogon hannu. Warin ya mayar da ni yarinta, lokacin da muke tsayawa a bakin dogo muna ɗaga wa jirgin gyaɗa hannu. Allurar tururi ta hau sannu a hankali. Babban ɗan Shehi ne kaɗai ya zo. Yaya Idi ya zauna a bayan injin, ya ce in hau tarago. Na tattare babbar riga na ɗare, ni da na yi wa Turawa dariya. Ya ja usur, jirgi ya yi tari sau biyu, ya motsa. Muka bi ta ƙarƙashin dabino, muka haye gada, muka shiga kogo muka fito da toka a gemu. Sabuwar ƙafa na juyawa tare da 'yan'uwanta, ba ka ce baƙuwa ce ba.

Babban ɗan yana ta ɗaukar mu a waya, yana bin mu da sauri, yana durƙusawa don ya kamo ƙafafun. Na ce a raina, Allah ya yi masa albarka, zai kai wa mahaifinsa ya gani. Da muka tsaya sai ya koma gefe ya kira wani, suna magana da Turanci, bai damu da tsoho mai babbar riga ba. Na ji yana cewa ya tura hoton, injin yana aiki lafiya lau, an sa masa sabuwar ƙafa, sai a zo a gani a yi ciniki, har da dogon da kayan rumfa. Ya gama ya dawo, ya sumbaci kan Yaya Idi, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ya ammu, hannunka zinariya ne. Iƙamarka tana nan har ta ƙare. Bayan nan, Allah Karimi ne." Yaro ne mai ladabi, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Jirgin ne dai ba nasa ba ne a zuci.

Na yi ta juya yadda zan faɗa wa Yaya Idi abin da na ji. Yana kwashe wuta daga cikin injin, bai juyo ba ya ce, "Ba sai ka fassara ba. Mataccen jirgi ba ya sayuwa. Na san haka tun ina feƙe zoben." Na ce to me ya sa ya ƙarasa? Ya ce, "In bar shi da ƙafa biyar?" Ya ci gaba da goge tagulla har ta huce.

Ana gobe zan taso ya kai ni unguwar Ruwais cin kifi, a wani tsohon shago da ake soya shi a gabanka a kawo da jar shinkafa. Kifin Bahar Maliya ya fi na Dakar daɗi, ko kuwa yunwa ce. Shi bai ci sosai ba. Tambayoyi yake ta yi, yana duban faranti. Wutar lantarki takan yi awa nawa a Zariya? Da gaske ne ruwan sama yakan kwana yana zuba? In ya yi magana yara za su yi masa dariya? Kabarin kakanmu an san inda yake? Na amsa abin da zan iya, na rage wa wutar lantarki muni gwargwadon yadda imani zai bari. Can ya ce, "Gidanka akwai ɗakin da ba kowa?" Na ce gidan baffansa ne, ba ya buƙatar tambaya. Ya ce, "A nan mun saba tambaya."

Jirginmu ya sauka Kano da hantsi. Abokin tafiyata ya dawo da zamzam da dabino da tasbaha na rabo, ni jakata ta fi yadda ta tafi sauƙi. Muka iso Zariya ana kiran la'asar, garin ya yi kore shar, yara na wasa a kwata. Ban daɗe da dawowa ba Yaya Idi ya kira ya ce Shehi ya cika, Allah ya jiƙansa, kuma masu sayen jirgin sun zo sun auna dogo.

Na yi yawo a duniya gwargwado, ina zaton na san baƙunci. Ashe wanda na sani na mai tikitin komawa ne. Akwai baƙuncin da ake haifar mutum a cikinsa, ya tsufa a cikinsa, zamansa duka na rataye da numfashin wani tsoho. Na kuma koyi cewa in mai sana'a ya aiko maka abu ka ga kamar ya yi kuskure, ka tambaye shi kafin ka gyara masa. Alherin da ba a yi shawara da mai shi ba yakan ci rabon da ba nasa ba.

Na sa an kwashe buhunan da ke ɗakin kusa da zaure, an toshe inda yake yoyo. Jiya na kira shi na ce wane launi yake so a shafa. Ya ce, "Halas, ɗan baffa, duk wanda ka ga dama. Ka dai ce su fasa bango su yi mini taga ta gabas."